Alayyahun Gindin Katanga

Shekarar da na bar aikin koyarwa, likita ya auna jinina ya ce ya hau. Ya ce in rage gishiri da mai, in yawaita cin ganye. Na ce to, amma a raina na san ba ganyen kasuwa zan ci ba. Na taɓa wucewa da sassafe, ina sauri kar in makara makaranta, na ga wata mai alayyahu a tsugune bakin kwata tana tsoma daminta cikin ruwan da ke gangarowa daga wajen masu wankin babur. Ta ɗago ta yarfe, ta jera a tire yana ta sheƙi. Tun daga ranar, in na ga ganye mai sheƙi a kasuwa sai yawu ya taru mini a baki, irin na tashin zuciya. Don haka na ce nawa zan shuka.

Bayan gidanmu a Kafanchan akwai ɗan fili da muka bari tun lokacin gini, muna cewa wata rana za mu ƙara ɗakuna. Yara suka girma suka watse, ba a yi ɗakunan ba, ciyawa ta gaje wurin. Katanga ta kewaye shi. Ta gabas, katangar ce ta raba mu da maƙwabcinmu, wani dattijon ikilisiyarmu mai ɗakunan haya a bayan gidansa, wanda kuma yake kiwon aladu. A unguwarmu wannan ba abin magana ba ne, gidaje da dama suna yi. In iska ta kawo wari a rufe taga, shi ke nan.

Ruwan farko ya sauka bayan Ista. Maigidana, wanda ya yi ritaya daga reluwe, kuma ba mai yawan magana ba ne, ya ɗauki garma ya yi mini kunyoyi takwas cikin kwana biyu. Ya jingine garmar ya ce iyakar nasa ke nan, bayansa ba zai ƙara ba. Na samo dashen tumatir da barkono wajen wata 'yar'uwa, na shuka kuɓewa da yalo da masara layi biyu. A kunyar ƙarshe, ta gindin katangar gabas, na watsa irin alayyahu, na sa ugu, ganyen miyar nan mai yaɗo, da kokwamba don su hau katangar.

Ni 'yar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Fadan Kaje, amma tun ina ƙarama aka kai ni makarantar kwana. Noman da na sani na hutu ne, a ba ni ƙwarya in bi bayan manya ina zuba iri. Ban taɓa zama da shuka tun daga tsiro ba. Ban san yawan abubuwan da ke kwance a ƙasa suna jiran ta fito su ci ba.

Masara ce ta fara nuna mini. Ta kai gwiwa, kore shar, sai wata safiya na ga ganyenta da huji a jere kamar an bi shi da ƙusa. Na leƙa cikin zuciyarta na ga wani abu kamar jiƙaƙƙen garin katako. Da yake ban sani ba, na sa yatsa na dangwalo, har na kai hanci. Kashin tsutsa ne. Na buɗa ganyen, ga ta nan a naɗe, ƙatuwa, mai launin ƙasa, ta ƙoshi har da ƙyar take motsi. Na ƙwala wa maigida kira. Ya zo ya duba, ya zaro ta da yatsu biyu ya matse. Ta fashe, wani koren ruwa ya tsarto har kan zanena.

"Haka ake yi," in ji shi, ya goge hannu a wando ya koma wajen rediyonsa.

Ni ban iya haka ba. Na samo tsinken tsintsiya da gwangwanin madara da na zuba wa kananzir. Kowace safiya kafin in sha shayi sai in bi masarar ɗaya bayan ɗaya, in tsokano tsutsa in jefa, in kawar da kai don kar in ga yadda take murɗewa. In na dawo ɗaki shayin ba ya shiga.

Daga nan sai dodon koɗi. Ba manya da wasu ke gasawa ba, ƙanana, da wasu tsirara marasa ƙoƙo, masu jan majina a bayansu. Su ne suka yanke mini rabin dashen barkono daga gindi. Da safe sai in ga sawunsu yana ƙyalli a kan ƙasa. Wata ta ce in zuba musu gishiri. Na ɗebi gishirin da likita ya hana ni na barbaɗa wa guda, na tsaya ina kallo ya kumbura, ya yi kumfa, ya narke ya zama majina zalla. Ban sake ba. Na koma kwashe su da tsohon cokali ina wurgawa cikin gwangwanin.

Kuɓewa kuwa, wasu ƙananan ƙwari masu tsalle suka mai da ganyenta rariya. Na yi ta zuba toka, ruwa yana wankewa, ina sakewa. Tumatir ne ya fi ba ni haushi, don shi na fi sa wa rai. Ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya, har na kafa masa sanduna na ɗaure shi da tsumma. Sai ganyen ƙasa suka fara rawaya da ɗigon baƙi. Ɗan fari da ya fara ja, na je tsinka da murna, na kama shi ta ƙasa, yatsana ya lume cikin ruɓa. Gindinsa duk ya yi baƙi, ruwa mai wari ya bi mini hannu har gwiwar hannu, ga wasu fararen tsutsotsi ƙanana suna iyo a ciki. Na yar da shi na tsaya ina yarfe hannu ina tsaki ni kaɗai a bayan gida kamar wadda ta taɓu.

Kunya bakwai ke nan na ɓacin rai. Ta takwas ɗin, ta gindin katanga, kamar ba a lambu ɗaya suke ba.

Alayyahun nan cikin sati huɗu ya kai mini cinya. Ganye ɗaya ya fi tafin hannuna faɗi, korensa har yana neman baƙi, karansa kamar yatsan babban mutum amma in ka karya ɗanye sharaf. In na yanka yau, bayan kwana huɗu ya maye. Ugu ya kama katanga ya haye, kokwamba ta yi ta zuba 'ya'ya har ina rasa wasu a ƙarƙashin ganye sai sun yi rawaya. Ƙasar wurin baƙa ce, kullum a jiƙe, ko an yi kwana uku ba ruwa. Na ce inuwar katanga ce ke riƙe laima. Na ce kuma ai shekara da shekaru ciyawa tana ruɓewa a kusurwar, dole ta yi ƙarfi. In tsutsa da ruɓaɓɓen tumatir suka ishe ni, nan nake zuwa in tsaya in ji sanyi a raina.

Muka shiga cin ganye ba ji ba gani. Paten masara da alayyahu da yalo, miyar ugu, dafaffen ganye da ƙuli. Kokwamba kuwa ɗanya nake yanka mana da rana, ko ferewa ba na yi, in ɗauraye sama-sama kawai, ina ce wa maigida, "Ci abinka, Baban yara, wannan ba ruwan kwata, ba maganin feshi." A 'yan kwanakin cikinsa ya riƙa murɗawa, nawa ma ya ɗan taɓa. Muka ɗora laifin a kan rijiya, muka ce sabon ruwa ne ya gurɓata ta, na koma tafasa ruwan sha.

Da ya yi mana yawa na fara rabo. Ranar zumuntar mata sai in cika babban kwando in ɗora a bayan babur in kai coci. Mata su taru suna ɗagawa suna juyawa.

"Kai, Malama! Wane irin taki kike sa?"

"Ko ƙwaya ban sa ba," in ce, ina jin kaina yana girma. "Kula ce kawai, da albarkar Ubangiji."

Matar Fasto sau biyu na aika mata, na biyun ma don baƙin da suka zo taron dattawa ne, ta yi musu pate. Ta tsayar da ni a ƙofar coci ta ce baƙin har tambaya suka yi a ina aka samo ganyen. Wata mai jego na kai mata ugu da hannuna na ce ta matse ruwansa ta sha ɗanye, yana ƙara jini.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa karɓa ba, matar dattijon nan maƙwabcinmu. Na farko ta ce sun riga sun yi miya. Na biyu ta ce maigidanta ba ya son ganye. Na uku na kai mata har ƙofar gida, ta tsaya hannuwanta a bayanta ta ce, "Malama, ki ba wasu, mu muna da shi." Na san ba su da shi. Na ce a raina baƙin ciki ne, don ita ba ta iya shuka ko albasa ba.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta ce za ta yi mana sati biyu. Ta haura tamanin, idon dama ya yi yana, amma washegari da sandarta ta zagaye lambun nan kaf. Ta ga masara ta ce na yi latti da toka. Ta ga tumatir ta yi dariya ta ce wa ke dasa tumatir a buɗe ruwa yana dukansa. Da ta kai kunyar ƙarshe ta daɗe a tsaye. Ta soka sandarta a ƙasa ta zaro, ta kai bakin sandar kusa da hanci.

"Kin sa taki da yawa a nan," ta ce da yarenmu.

"Mama, ban sa komai ba."

"To wani ya sa miki." Ta ɗaga kai ta dubi katangar da idonta mai kyau, ta juya ta koma inuwa. Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Da rana ta ci patenta har da ƙari.

Bayan kwana huɗu aka kwana ana ruwa, irin wanda ke cika kwata har ya hau titi. Gari na wayewa na fita da silifas in ga ɓarnar da ya yi. Masara ta kwanta, sandunan tumatir sun karkace. Na nufi wajen alayyahu, tun ban kai ba wari ya tare ni. Ba irin wanda iska ke kawowa ta wuce ba, wannan a zaune yake, mai kauri, har ina jin sa a harshe. Na ƙara taku ɗaya, ƙafata ta dama ta nutse har idon sawu. Na ja, ta fito ba silifas, baƙa ƙirin, wani abu mai santsi yana bin tsakanin yatsuna.

Ruwa ya kwantar da ganyen ugu da ya rufe gindin katangar, shi ya sa na ga abin da ban taɓa gani ba. Rami ne aka fasa a bulo na ƙasa, aka cusa guntun bututun roba. Daga bakinsa baƙin ruwa yana bulbulowa a hankali, da kumfa, da gutsattsarin dusa da ɓawon rogo. Ya malale kunyar duka ya kwanta a gindin kowane kara. A cikinsa akwai wasu tsutsotsi da ban taɓa ganin irinsu ba, farare, masu kumburi, kowacce da doguwar wutsiya kamar zare, suna ta wutsil-wutsil. Wata kokwamba da na yi niyyar tsinka ranar tana kwance rabinta a ciki.

Da ƙafa ɗaya ba takalmi na jawo bencin wanki na hau, na leƙa bayan katangar. Garken aladu ne a manne da ita, dandamalinsa ya gangaro zuwa wata 'yar kwata da ta biyo gindin katanga ta shige bututun. Da iyakar abin ke nan, da wataƙila na iya daurewa. Amma gaba kaɗan ga bayan gidan 'yan haya, ga sokawensa, wato ramin da ƙazantar ke taruwa, murfin simintinsa ya tsage biyu. Ya cika ya tumbatsa. Abin da ke fita ta tsagar yana bin kwatar nan ɗaya, ya haɗu da na aladu, su shigo lambuna tare. Na ga takarda. Na ga abin da ba sai na faɗa ba. Kwatar kuma ta yi gansakuka ta yi hanya sosai, ba aikin ruwan jiya ba ne.

Ban san yadda na sauko ba. Na durƙusa a tsakanin kuɓewa na yi ta amai, ba komai a cikina sai ruwa mai ɗaci, amma ya ƙi tsayawa. Duk kokwambar da na yanka ban fere ba sai da ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na tuna mai jegon nan da kofin ruwan ugu a hannunta tana mini godiya. Na tuna matar bakin kwata da na shekara ina ƙyama, ita ruwan wankin babur ne ma kawai.

Maigida ya fito ya same ni a haka. Na nuna masa da hannu. Ya je ya duba ramin, ya hau bencin, ya daɗe, ya sauko. Ya tofar da yawu, ya ɗebo ruwa a bokiti ya zo yana zuba mini a ƙafa. Na wanke ta da sabulu sau biyar, na goge da toka, na zuba ruwan zafi har fatar ta yi ja. Duk da haka wunin ranar ji nake kamar abin yana nan tsakanin yatsuna.

Na sake zane na fita zuwa gidan dattijon. Na same shi a tsakar gida yana dama dusa a rabin duro.

"A'a, Malama, sannu da zuwa. Lafiya da sassafe haka?"

"Dattijo, ramin nan na gindin katanga, wa ya fasa?"

Bai ko tsaya tunani ba. "Ni ne. Ai ya daɗe. Lokacin wurin ciyawa ne, ba ku amfani da shi."

"Ka fasa katanga ba ka gaya mana ba?"

"Katangan na mu biyu ne, Malama. Ruwa kuma dole ya samu hanya."

"Da ka ga na fara shuka fa? Kullum muna gaisawa. Kana ganina da kwando ina kai wa mata a coci."

"Na gani," ya ce, yana ci gaba da damunsa. "Na ce zai taimaki shukan. Mutane da buhu suke zuwa roƙon kashin alade a nan. Ke ya zo miki har gida. Kin ga yadda ganyen ya yi kyau ai."

"Na bayan gidan 'yan hayarka fa? Shi ma da buhu ake zuwa roƙo?"

Nan ya tsaya da damun. Ya ce murfin bai daɗe da tsagewa ba, yana shirin gyarawa, ruwa ne ya riga shi. Na juya na ga matarsa a ƙofar kicin riƙe da ludayi, idonta a ƙasa.

"Shi ya sa ba ki taɓa karɓa ba," na ce mata.

"Malama, ban san yadda zan faɗa miki ba ne."

A duk abin da na gani ranar, wannan ne ya fi tsaya mini. Mun fi shekara goma muna zama benci ɗaya a zumunta. Tana zaune tana kallo mata suna raba ganyen nan suna sa wa a jaka, ta san abin da ya sha, ta ja bakinta ta yi shiru, iyaka ta tsare nata cikin. Na fita ban yi musu sallama ba.

Da na gaya wa Mama, ba ta girgiza ba. Ta ce na alade tun ranar farko ta ji shi a sanda, kuma ba ta ga laifinsa ba, tunda ana dafawa. Da na ce har da na mutane, ta ɗan yamutsa fuska ta ce, "Wannan kam a'a. Sai ya shekara a rufe." Shi ke nan abin da ta ce. Ta tambaya ko akwai sauran paten jiya. Na ce na zubar, har tukunyar na kai bayan gida. Ta ce ɓarna.

Maigida ya je kemis ya karɓo mana maganin tsutsar ciki, mu uku muka sha. Sai maganar matan da na raba wa ganyen ta tsaya mini a rai. Kwana biyu ina juya ta. Maigida ya ce in bar shi, abin da aka ci an ci. Amma na san akwai waɗanda suka yanka suka shanya don gaba, kuma mai jegon nan tana raina.

Ranar zumunta, da aka zo lokacin ba da shaida, na miƙe. Suka gyara zama, suna tsammanin zan gode wa Ubangiji don idon Mama. Na ce, "'Yan'uwa, ganyen da na riƙa kawo muku, duk wadda take da saura ta zubar." Na faɗi dalili yadda yake, ban ambaci gidan kowa ba, ko da yake duk sun san wa ke bayan katangata. Matar dattijon ba ta zo ba ranar.

Wata ta tashi da sauri ta fita, muka ji tana kaki a waje. Matar Fasto ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" a hankali, na san baƙinta take tunawa. Wata tsohuwa a baya ta fashe da dariya ta ce shi ya sa miyar ta yi zaƙi, wasu suka taya ta, wasu suka harare ta. Ni ban ga abin dariya ba. Da aka tashi na tafi gidan mai jegon na gaya mata da bakina. Ta dube ni, ta dubi jaririnta, ta ce, "Ba komai, Mama, ba ki sani ba ne." Amma ba ta raka ni ƙofa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari na ɗaura leda a hannuwana biyu, na sa takalman ruwa na maigida, na shiga tuge kunyar. Saiwoyin dogaye ne farare, suna fitowa da baƙin taɓo yana ɗiga, kowane tugewa sai warin ya taso sabo. Na ɗaure hanci da ɗankwali, duk da haka sau biyu ina fita in sha iska. Mama tana zaune a inuwa tana kallon tarin ganyen tana girgiza kai.

"Ko awaki ba za ki ba ba?"

"Ko awaki, Mama."

Na haƙa rami a can kusurwa na tura shi duka, har ugu da kokwamba, na rufe. Ina cikin rufewa sai ga tsohuwar nan da ta yi dariya a zumunta, ta shigo da buhu a hammata. Ta ce ta ji zan cire, ta zo ta kwashe, ita in ta dafa da kanwa ba abin da zai same ta. Na nuna mata ramin. Ta yi tsaki ta ce mu 'yan boko ƙyama za ta kashe mu da yunwa, ta juya ta fita ranta a ɓace.

Maigida ya kwaɓa siminti ya zare bututun, ya toshe ramin ya shafe. Muka zuba toka buhu guda a kan kunyar. Ruwa na gaba da aka yi, ƙazantar ta rasa hanya ta koma inda ta fito, ta malale tsakar gidan 'yan haya har bakin ƙofofinsu. Muna jin ihunsu ta kan katanga. Abin mamaki, dattijon ne ya riga mu kai ƙara wajen Fasto, wai mun toshe hanyar ruwa muna neman sa wa mutanensa ciwo.

Aka kira mu ofishin Fasto bayan sujada, da wasu dattawa biyu. Aka yi addu'a, kowa ya faɗi nasa. Dattawan suka fara zancen haƙuri da zaman maƙwabtaka, a yafe wa juna, kar a ji mu a waje. Ɗaya ma ya ce ko za a ɗan buɗe ramin na wucin gadi har damina ta wuce. Fasto yana ta shafa wuya, na tabbata matarsa ta ba shi labarin paten. Sai maigidana ya ce, "Ramin ba zai buɗu ba. Ya haƙa sabon sokawe kafin ƙarshen wata, ko in kira duba-gari su zo su gani da idonsu." Ya ɗauki hularsa ya ɗora a gwiwa. Fasto ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Dattijon ya haƙa, a hankali, yana ƙorafi ga duk wanda ya tsaya saurare. Bai taɓa cewa ya yi laifi ba. Abin da ya ce a gaban Fasto shi ne, in an ɓata wa Malama rai, ta yi haƙuri.

Sauran kunyoyin suka ci gaba da rayuwarsu ta wahala. Tumatir ya ƙarasa ruɓewa na tuge shi. Masara ta tashi daga kwanciyar, ta fitar da goyo ƙanana. Kunyar gindin katanga na bar ta fayau, fara fat da toka, duk da haka bayan sati biyu 'ya'yan alayyahu suka tsiro a kanta da kansu, kore shar. Na bi su da fartanya.

Lahadin farko na watan da ya biyo aka yi Jibin Ubangiji. A cocinmu dattawa ne ke zagayawa da tire, kowa da layin bencinsa. Ina zaune na sunkuyar da kai, na ɗago na ga shi aka ba layinmu. Ya sa farar riga an goge ta tsaf. Ya iso gabana ya miƙo tiren gurasa, babban yatsansa a kan bakin tiren, dab da gutsattsarin. Na ga farcen, an yanke shi amma akwai baƙi a gefe. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu don na daɗe. Na zaɓi gutsuren da ya fi nisa da yatsan na sa a baki. Na yi addu'ar da zan iya, na haɗiye da ƙyar.

Da aka tashi ya same ni a bakin ƙofa, ya washe baki kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"Malama, yaya lambu?"

"Yana nan," na ce, na wuce neman babur.